Bashin kwangila: daga ina hukuncin gaggawa ya samo asali?

Jama'a, tun zanga-zangar da 'yan kwangilar cikin gida suka yi a Abuja a 2025 kan kuɗin ayyukansu, nake jin ana cewa "ai sai su tafi kotu". Nan Hanwa ma haka ake gaya wa maginin da ya gama ɗakunan ɗalibai mai gida ya riƙe masa ciko, ga mai siminti na Sabon Gari yana ta kiran waya. To, kotun tana da gajeriyar hanya, amma ba don magini aka share ta ba.

Asalinta Ingila ne. A 1855 majalisarsu ta yi doka saboda 'yan kasuwa masu riƙe da takardar bashi mai sa hannu, waɗanda ake ja wa rai da kariyar ƙarya don kawai a ci lokaci. Dokar ta ce wanda ake bi ba zai yi jayayya ba sai alƙali ya ba shi izini. Bayan gyaran kotunansu na 1873 zuwa 1875 aka faɗaɗa abin ya zama Oda ta 14. Turawa suka kawo mana shi tare da kotunansu. Legas ta bi salon Ingila, mu a Arewa muka fi sanin jerin ƙararrakin da ba su da kariya, kuma dokokin Babbar Kotun Jihar Kaduna na 2007 sun tanadi hukuncin gaggawa.

Ga yadda yake tafiya. Mai bin bashi zai shigar da ƙara da takardar rantsuwa: ga kuɗina kaza, ga hujja, kuma na yi imani wancan ba shi da abin cewa. In wanda ake ƙara bai nuna kariya ta gaske ba, a yanke hukunci ba tare da kiran shaidu ba. In ya nuna, a koma doguwar hanya. Tun a shari'ar Nishizawa da Jethwani ta 1984 Kotun Ƙoli ta ja hankali cewa kada garaje ya sa a toshe bakin mai kariya ta gaskiya.

A nan gizo ke saƙa. Bashin ɗan kasuwa adadi ne a rubuce. Gini fa? Mai gida na cewa bango ya tsage, rodin bai kai wanda aka yi magana ba, an wuce wa'adi da wata uku, shi ke nan ya samu abin da alƙali zai ce sai an saurara. Wanda ke da takardar shaidar kammala aiki da injiniya ya sa wa hannu, ko wasiƙar da mai aiki ya amsa bashin, shi ke da ƙarfi. Mu kuwa yawancin aikinmu da baki ne: "Alhaji ya ce a ƙara ɗaki biyu." Abin mamaki, mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Ingilar ma ta sha wannan matsala. Bayan rahoton Latham na 1994 suka yi dokar 1996: rikicin biyan kuɗin gini ya je gaban masani ya yanke cikin kwana 28, a biya tukuna, mai ƙorafi ya je kotu daga baya. A 1999, a shari'ar Macob da Morrison, kotu ta ce dole a bi irin wannan hukunci nan take. A ganina wannan ne gyaran da ya wuce mu.

In kuwa gwamnati kake bi, da sauran rina a kaba. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ta ce kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba ya zama jinkiri, a ɗora masa ƙarin da kwangila ta ambata. Amma ko ka ci shari'a, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci, wadda muka gada tun zamanin Turawa, ya ce ba za a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba sai da yardar Antoni Janar. Wato lauyan wanda kake bi bashi.