Tashar Ƙaura Namoda da Sandar Hanya

'Yan'uwa Kurfayawa na gida da na waje, a wannan fitowa za mu ɗan taɓa tarihin jirgin ƙasa, domin yaranmu sun yawaita tambaya ko wata rana zai iso Filinge. Kowa ya sani dogo bai taɓa ratsa ƙasar Kurfai ba. Faransawa sun taso da nasu daga Kwatano, suka tsaya a Faraku a 1936, sauran hanya zuwa Yamai sai mota. Na Ingilishi kuwa ya isa Kano a 1911. Daga baya suka fitar da reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda cikin ƙasar Zamfara a 1929, tafiyar fiye da kilomita 200. Saboda haka mutumin namu da ya bi ta Ƙonni da Sakkwato zai tafi cin rani kudu, a can wajen Ƙaura ko Gusau yake fara ganin ƙarfen dogo da idonsa.

Ba don fasinja aka kai dogo Ƙaura ba. Gyada da auduga da fatu da shanu Bature yake so su sauka Ikko. Raƙuma da jakuna su kawo kaya, 'yan dako su loda a tarago, kan jirgi ya sha ruwa, a zuba masa kwal ɗin Inugu, ya juya. An yi ta zancen za a ƙarasa da layin Sakkwato, ba a yi ba.

To, abin da muka fi so ku lura da shi, shi ne yadda ake ba jirgi hanya a wancan zamanin. Layin guda ɗaya ne tak, mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi, kuma jirgi ba ya ratsewa kamar mota. Me ya hana su karo? Sanda ce. Tsakanin kowace tasha da ta gabanta akwai akwatunan ƙarfe biyu, ɗaya nan ɗaya can, waya ta haɗa su, a cikinsu ake kulle sandunan hanya. Shugaban tasha ba ya iya zare sanda sai ya buga wa ɗan'uwansa ƙararrawa, wancan ya amsa, ya sake masa makulli daga can. Da an zare ɗaya, akwatunan biyu sun kulle, ba mai fitar da ta biyu sai an mayar da ta farko. Direba kuwa, ko Gwamna ne ya ɗauko, ba ya motsawa sai sandar nan tana hannunsa. In ya isa tasha ta gaba ya miƙa ta, ya karɓi wata.

Bayan sanda akwai sigina, wato dogon ƙarfe a bakin tasha mai hannu ja a samansa. In hannun ya miƙe sosai, tsaya ke nan. In ya karkata, an ba ka hanya. Da dare ana kunna fitilar kananzir a bayan gilashi ja da kore. Masu ƙirar sun yi wata dabara da ta burge mu: an rataya wa hannun nauyi, ta yadda in wayar da ake jansa da ita ta tsinke, da kansa zai koma alamar tsayawa. Haka kuma ana rataya jar fitila a taragon ƙarshe. Sai shugaban tasha ya ga wannan fitila ta wuce shi sannan zai sanar da cewa hanya ta buɗe, don kada ya zama wani tarago ya kwance ya zauna a daji cikin duhu. Duk wannan aiki mutane ƙalilan ne ke yinsa, da mai juya layi, da mai tuta, da mai share fitila, rani da damina, kan ɗan albashi.

Mun tsaya a kan wannan ne saboda abin da ya faru a ƙasarmu. A 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, aka yi bukin buɗewa a Janairu 2016. Ƙarfe ya kwanta, amma bai haɗu da na Faraku ba, jirgin haya kuma bai kama aiki a kansa ba. A ganinmu shimfiɗa ƙarfe shi ne ƙaramin aikin. Babban shi ne a sami kayan ɗauka, da inda za a kai su, da ma'aikatan da za su kwana a tasha suna jiran ƙararrawa.

Akwai kuma maganar faɗin layi, wadda ba a cika faɗa wa talaka ba. Na Ƙaura milimita 1,067 ne, na Doso 1,000, shi kuwa na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu 2021, 1,435 ne. Taragon ɗaya ba ya hawa layin ɗaya. Daga Filinge zuwa Yamai kuwa akwai wajen kilomita 180.