Tsakanin Fom ɗin JAMB da Farar Riga: Nazarin Rashin Tabbas wajen Zaɓen Jami'a da Shagulgulan Ɗalibai a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta duba alaƙar da ke tsakanin ruɗanin da matasa ke shiga wajen zaɓen jami'a da kwas, da kuma shagulgulan da ɗalibai ke yi a manyan makarantu. An dogara da ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai na Hukumar JAMB da matakan da hukumomi suka ɗauka a bainar jama'a, aka auna su da ra'o'in masana zamantakewar ilimi. Matsayar maƙalar ita ce, ɗalibin Nijeriya ba shi da cikakken iko a kan kwas ɗin da zai karanta, ko garin da zai zauna, ko shekarar da zai gama. Shagalin kammala karatu yana samun zafinsa daga wannan rashin ikon, sannan labarin shagalin yana dawowa gida ya ƙara taƙaita zaɓin na baya, musamman 'yan mata.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2025 sama da mutum miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar shiga jami'a ta UTME. A sakamakon farko da JAMB ta fitar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Bayan 'yan kwanaki shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi mutum 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawar. Ke nan hatta makin da matashi zai gina lissafinsa a kai yana iya rawa.

Ana tattauna matsalolin ɗaliban jami'a a zaure biyu da ba su cika haɗuwa ba. Masana ilimi suna kukan rashin masu ba da shawara a sakandare. Malamai a kan mumbari da iyaye a gida suna kukan fati da raye-raye da lalacewar tarbiyya. Wannan maƙala ta ɗauki kukan biyu a matsayin magana ɗaya.

2.0 Ra'in Bincike

Hossler da Gallagher, a 1987, sun kasa zaɓen jami'a zuwa mataki uku: ƙudurta ci gaba da karatu, neman bayani a kan makarantu, sai yanke hukunci. Tsarin ya ginu a kan Amurka, inda ɗalibi kan nemi makarantu da yawa, wasu su amsa masa, ya zauna ya tankaɗe. Raymond Boudon kuwa, tun 1974, ya nuna cewa ko da yara biyu sun zo da maki ɗaya, gidan da kowannensu ya fito shi ke sa ɗaya ya nemi babban kwas, ɗayan ya rage buri, domin nauyin faɗuwa ba ɗaya ba ne a kansu.

A ɓangaren shagali, aikin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Elizabeth Armstrong da Laura Hamilton na 2013. Sun bi rayuwar 'yan matan da suka fara karatu a hawa ɗaya na ɗakin kwanan wata babbar jami'ar gwamnati a tsakiyar Amurka har tsawon shekara biyar. Sun gano cewa jami'ar da kanta ta share wa shagali hanya, ta hanyar ƙungiyoyin ɗalibai da kwasa-kwasai masu sauƙi, domin ta jawo 'ya'yan masu kuɗi. 'Yar mai kuɗi tana yin fatinta, ta fita da sakamako mai rauni, iyaye su sama mata aiki. 'Yar talaka da ta bi sahu ita ke kwana a ciki. Za a yi amfani da wannan aiki, amma da taka-tsantsan, domin a nan gida jami'a ba ta tallar shagali. Hana shi take yi.

3.0 Wa ke Yin Zaɓen?

Zaɓen jami'a a Nijeriya yana farawa tun ajin farko na babbar sakandare, ranar da aka raba yara zuwa kimiyya da adabi da kasuwanci. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 da aka tura ajin adabi ya yi sallama da likitanci da injiniyanci, ko ya sani ko bai sani ba. Sau da yawa ma sakamakon jarrabawar ƙaramar sakandare ne ya yanke hukuncin, ko ra'ayin uba, ko yawan kujerun da ke ɗakin gwaje-gwaje.

Mataki na biyu shi ne ranar rajista, kuma ya cancanci a dube shi kusa. Ɗalibi ya aika lambar NIN ɗinsa ta saƙon waya, ya samu lambar shiga, ya biya kuɗi, ya bi layi a cibiyar kwamfuta da JAMB ta amince da ita. Layin ya yi tsawo, intanet na zuwa yana ɗaukewa, ma'aikacin da ke gaban kwamfuta ya gaji. Ya ɗauki hoton yatsu, ya ɗago kai ya ce, "Wane kwas za a sa maka? Wace makaranta?" Wanda ke da wa ko ya a jami'a ya zo da amsarsa a rubuce. Wanda shi ne na farko a gidansu sai ya waiga ya tambayi na bayansa, ko ya ce a sa masa "Medisin" ko "Lo", sunayen da ya fi ji. Nan ake yin kuskuren haɗa darussan jarrabawa huɗu da ba su dace da kwas ɗin ba, kuskuren da ba zai fito fili ba sai bayan watanni. Matakin neman bayani da Hossler da Gallagher suka ba muhimmanci yakan ƙare cikin minti biyar, a tsaye. Zaɓen tumun dare ke nan.

Daga nan al'amarin ya bar hannun ɗalibi. Jami'o'in tarayya suna bin ƙa'idar kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Wannan ƙa'ida tana kare ɗan Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Maiduguri, amma kuma tana gaya masa a fakaice cewa ya tsaya a yankinsa. Galibin manyan jami'o'i ba sa kallon wanda bai sa su a zaɓin farko ba, don haka zaɓi na biyu kusan ado ne. Mafi ƙarancin makin da aka amince da shi ga jami'o'i a 2025 shi ne 150, sai dai wannan ƙofar gari ce kawai. Likitanci da lauya suna da adadin da hukumomin sana'o'insu suka ƙayyade wa kowace jami'a, komai yawan masu nema. Sai kuma jarrabawar tantancewa ta jami'a, wadda aka fara a 2005, aka soke a 2016, aka dawo da ita a 2017, shekarar da JAMB ta ɓullo da manhajar ba da gurbin karatu ta CAPS.

A CAPS ne ɗalibi ke ganin ƙarshen lissafi. Wanda ya nemi likitanci sai ya tarar an miƙa masa ilimin tsirrai ko koyarwa, da maɓalli biyu a gabansa: karɓa ko ƙi. In ya ƙi, shekara ta tafi, sai ko ya bi ta shirin IJMB ko makarantun share fage irin ta Funtuwa, ya dawo ta ƙofar shiga aji biyu. In ya karɓa, zai shekara huɗu a kan abin da bai taɓa mafarki ba. Shawarar da ake bayarwa a gida sananniya ce: "Karɓi kawai, in ka shiga ka canza." Canjin yana da sharuɗɗa, kuma guraben da kowa ke so su ne a cike.

Ko lokacin ma ba nasa ba ne. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ga wanda ya makara wajen samun gurbi, kowane wata yana matso da shi kusa da shekara 30, wadda in ya haura ta kafin kammalawa ba zai je bautar ƙasa ba. Abin da Alcinda Honwana ta bayyana a 2012, wato dogon zaman jira tsakanin ƙuruciya da zama cikakken mutum da matasan Afirka ke yi, a nan yana farawa tun kafin a karɓi digiri.

4.0 Shagalin da Inda ya Taru

In aka dubi kalandar shagulgulan ɗalibai, za a ga sun fi taruwa a bakin ƙofa biyu: rantsar da sababbin ɗalibai, da makon ƙarshe na 'yan ajin fita. Makon fita kan ƙunshi ranar kayan gargajiya, ranar rigunan ƙwallo, ranar shigar mutanen da, da dina. Ƙololuwarsa ita ce ranar jarrabawar ƙarshe. Ɗalibi ya fito daga ɗakin jarrabawa da farar riga, abokai su kewaye shi da alƙaluman maka, kowa ya sa hannu ko ya rubuta addu'a ko zolaya, har farin ya ɓace. Masu hoto na jira, mai kiɗa ya kafa sifika, wanda gidansu ke da mota ya zo da ita ana ta ham, ana liƙi. Kafin magariba bidiyon ya shiga TikTok da WhatsApp.

Arnold van Gennep, a 1909, ya nuna cewa al'ummomi kan yi biki a duk inda mutum ke ƙetarawa daga wani matsayi zuwa wani. Bahaushe bai rasa irin wannan ba. Saukar Alƙur'ani ma da walimarta. Tambayar ita ce me ya sa ranar farar riga ta fi bikin yaye ɗalibai na hukuma armashi a wurin su ɗaliban. Amsar da wannan maƙala ta fi karkata gare ta ita ce, ranar farar riga ce kaɗai ranar da ɗalibi ya san zuwanta kuma yake da iko da ita. Sakamako zai iya fitowa da kwas ɗin da aka faɗi. Bikin yayewa kan jinkirta, wani lokaci a haɗa 'yan shekara biyu ko uku a yi musu tare. Takardar kira zuwa bautar ƙasa sai ta ga dama, aiki kuwa sai wanda Allah ya ciyar. Saboda haka murnar da ta kamata ta rarrabu a tsawon shekaru sai ta dunƙule a yini ɗaya, ta yi ambaliya.

Wannan bayani ba wanke kowa ba ne. Akwai tuƙin ganganci, akwai shigar da ta saɓa wa addini da al'ada, akwai shaye-shaye. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC da ya nuna yadda ya yi katutu a Kano da wasu garuruwa. Binciken hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 ya ƙiyasta kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya. Amma adadin na jama'a ne gaba ɗaya, kuma kuskure ne a rataya shi a wuyan ɗaliban jami'a, kamar yadda akan ji a wasu muhawarori.

5.0 Yadda Labarin ke Dawowa Gida

Uban da bai taɓa shiga harabar jami'a a Samaru ko Ɗanbare ba, abin da ya sani game da jami'a shi ne bidiyon daƙiƙa 30 da aka turo masa. Ba a ɗaukar bidiyon ɗakin karatu, ko na masallacin makaranta, ko na ta'alimin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda ke nan tun 1954 kuma take da ƙarfi a jami'o'in Arewa. Daga wannan guntun hoto ake yanke hukunci a kan ƙanwar mai farar riga: "Ki cike ta nan gida, ki riƙa zuwa kina dawowa." In jami'ar garin ba ta da kwas ɗin da take so, ko makinta bai kai nata ba alhali ya kai na wata jihar, kwas ɗin ne zai canza, garin ba zai canza ba. Wannan shi ne tasirin da Boudon ya yi magana a kai, sai dai a nan abin da gida ke aunawa ya haɗa da mutunci da maganar aure, ban da kuɗin makaranta.

Mai hali yana da mafita: ya sayi tsaro. Jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda aka fara ba lasisi a 1999, da yawansu sun gina sunansu a kan tsauraran dokokin sutura da fita. Al-Qalam ta Katsina, wadda aka kafa a 2005, ta fito da tambarin Musulunci. Wasu iyaye sun tura 'ya'yansu Maraɗi, wasu Sudan, inda akwai Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka a Khartum da ta mata zalla ta Ahfad a Omdurman, har yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sa aka kwaso ɗaliban. A nan sakamakon Armstrong da Hamilton ya bayyana da wata fuska. A can, 'yar talaka tana cutuwa don ta shiga shagalin. A nan tana iya cutuwa ko da ba ta taɓa leƙa shi ba, domin shagalin wasu ya rufe mata hanyar wani gari.

Adalci ne a ambaci cewa a binciken Armstrong da Hamilton, wasu 'yan matan marasa ƙarfi da suka bar babbar jami'ar suka koma ƙanana kusa da gida sun fi samun daidaito. Karatu a gaban iyaye yana rage kuɗin haya da abinci, kuma gidaje da yawa ba don shi ba da ba za su bar 'ya mace ta wuce sakandare ba. Illar tana faruwa ne idan kusancin ya zama sharaɗin da kwas ke bi, ba tare da an duba abin da yarinyar ta iya ba.

6.0 Matakan Hani

A watan Yulin 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato ta hana bikin sa hannu a riga a makarantun sakandare na gwamnati da masu zaman kansu, kuma a watan Agusta Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka ta ɗauki irin wannan mataki a kan 'yan ajin fita. Hanin yana da hujjarsa ta tsaro. Amma in bayanin da aka kawo a sashe na 4.0 ya tabbata, dokar ba ta taɓa dalilin murnar ba, wurinta kawai ta taɓa. Abin da ake tsammani shi ne bikin ya ƙaura daga harabar makaranta, inda akwai masu gadi da shugaban sashen kula da ɗalibai, zuwa otal da ɗakunan taro da gidajen haya, inda kuɗin shiga ya fi yawa, idon hukuma kuma ya fi nisa.

Daga nan hasashe biyu suka fito da za a iya gwadawa da bayanan da ke hannun hukumomi. Rajistar JAMB tana ɗauke da jinsin kowane ɗalibi, da jiharsa, da makarantar da ya sa a zaɓin farko, da makinsa. In aka kwatanta maza da mata masu maki ɗaya daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya kamata a ga matan sun fi tsayawa a jami'ar jiharsu ko da hakan ya sa sun sauka daga kwas ɗin da makinsu ya kai. Na biyu kuma yana cikin fayil ɗin kwamitocin ladabtarwa na jami'o'i: a duba ko ƙorafe-ƙorafen makon fita sun ƙaru a zangon da ya biyo bayan yajin aikin 2020 da na 2022, idan aka gwada da shekarun da kalanda ta tafi daidai.