Asalin dabon karta 21

Yau labarin wani dabo muka kawo muku, da yadda muka bi sawunshi har muka gano inda ya fito.

Lokacin da nake yaro, akwai wani tsohon soji da ke zuwa kasuwar garinmu. Yakan shimfiɗa tabarma gindin icce, ya fiddo karta. Sai ya ce ma mutum: "Dubi guda, ka riƙe ta cikin zuciyarka, kada ka faɗi." Ya raba karta tsibi uku, ya yi tambaya, ya tattara, ya sake rabawa. Daga ƙarshe ya zaro guda, ya ce: "Ga ta." Bai taɓa kuskure ba. Mutane suka ce aljanu gare shi. Wata rana baffana ya yi gardama da shi, ya aza kuɗin akuyar da ya saida. Kuɗi suka tafi. Ya komo gida ba akuya, ba kuɗi, ba hatsin da ya je saye.

Da na girma, abin bai fita raina ba. Na tuna tsibi uku ne, na tuna sau uku yake rabawa. Amma na mance ko karta nawa yake ɗauka, na mance yadda yake tattarawa. Na gwada da 20, na gwada da 30, abu ya ƙi. Tsohon sojin kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Na tambayi masu karta a tasha. Wani ya ce laya ce, wani ya ce daga Indiya aka zo da shi. Sai a Maraɗi wani tsohon malamin lakwal ya yi dariya, ya ce: "Ɗana, wannan ai lissafi ne. Karta 21 ake ɗauka. Tsibin da aka nuna, tsakiya ake sa shi. Kuma abin rubuce yake tun da daɗewa." Daga nan na shiga neman littattafai. Ga abin da na samu.

Karta ba a Turai aka fara ta ba. Masana tarihi sun ce daga ƙasar Sin ta taso, ta bi ta gabas har ta iso Masar. Sarakunan Mamluk sun mulki Masar daga 1250 zuwa 1517. An sami kartar zamaninsu, tana ajiye a gidan tarihi na Topkapi, a birnin Santambul. Ita ma iri huɗu ce, kamar ta yau. Wajen 1370 karta ta shiga Turai. Ba a jima ba caca ta yi yawa, har hukumar birnin Fulorans na Italiya ta hana wasan a 1377. Wajen 1480 mutanen Faransa suka yi nasu zane, biyu ja, biyu baƙi. Irin wannan ce ta yaɗu a ƙasarmu zamanin mulkin mallaka, ita ce muke gani a kasuwa.

Dabon karta shi ma tsoho ne. A 1593, a birnin Banis na Italiya, wani mai suna Horatio Galasso ya buga littafi na dabarun karta waɗanda ake yi da ƙidaya. A 1612, a birnin Liyon na Faransa, wani malamin lissafi mai suna Bachet ya buga littafin wasannin lissafi. A ciki ya rubuta dabon tsibi uku, ya bayyana yadda ake yin shi. Bayan shekara 200, a 1813, wani malamin kuma mai suna Gergonne ya yi nazarin dabon da karta 27. Ya nuna cewa mai rabawa yana iya kai kartar duk inda yake so, ko ta farko, ko ta 10, ko ta 27. Abin da zai lura da shi kawai, inda yake aza tsibin da aka nuna: bisa, tsakiya, ko ƙasa.

Kun ga ke nan, asirin da aka ci baffana da shi ya fi shekara 400 rubuce cikin littafi. Rashin karatu ne ya ɓoye muna shi.

To, ga yadda ake yi. Ba sai kun sayi karta ba. Ku yanka kwali guda 21, ku rubuta lamba bisa kowane, daga 1 zuwa 21. Ku garwaya su. Ku ce ma abokinku ya zaɓi lamba guda a zuciyarshi. Ku raba kwalayen ɗai-ɗai: hagu, tsakiya, dama, hagu, tsakiya, dama, har su ƙare. Kowane tsibi zai sami 7. Ku tambaye shi: "Wane tsibi lambarka take?" In ya nuna, ku tattara, ku sa wannan tsibin tsakanin sauran biyu. Kada ku garwaya. Ku sake rabawa, ku tambaya, ku tattara. Ku yi haka sau uku. Sa'an nan ku ƙidaya daga bisa. Kwali na 11 shi ne nashi.

Mi ya sa haka? Ku duba. Da farko lambar tana cikin 21. Da ya nuna tsibi, sai ta koma cikin 7, kuma 7 ɗin suna tsakiya. A rabo na biyu, 7 ɗin nan suna watsuwa cikin tsibi uku, biyu nan, uku nan, biyu can. Da ya sake nunawa, saura biyu ko uku. A rabo na uku, kowace tana faɗawa tsibi dabam, kuma ita ce ta 4 cikin tsibinta. Da ya nuna, magana ta ƙare. Akwai 7 bisa, a ƙara 4, ya zama 11. Ashe mai kallo da kanshi ne ke ba da amsa, sau uku, bai sani ba.

Ƴan uwa, ku yi hankali ranar kasuwa, musamman bayan kaka, lokacin da kuɗin wake da na gujiya ke aljihu. Akwai wani wasan da ya fi wannan mugunta, na karta uku, inda ake cewa ka nuna ja. Shi ba lissafi ba ne, saurin hannu ne. Waɗanda kuke gani suna ci a gabanku, sau da yawa abokan mai kartar ne. An sa su ne don su jawo ku.

Ku gwada dabon kwali 21 a wurin karatun manya. Ku koya ma mata da yara, su ma su iya ƙidaya. In wani ya zo garinku ya ce aljanu ke gaya mishi karta, ku karɓa ku yi mishi a gaban jama'a. Allah ya ƙara muna sani, ya tsare muna dukiyarmu. Amin.