Daga Kamfanin Takalma Zuwa Mutum-mutumi

A 1896 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya suka yanke hukunci a shari'ar Aron Salomon, wani mai sana'ar takalma a Landan da kamfaninsa ya durƙushe da bashi. An nemi ya biya daga aljihunsa. Alƙalan suka ce a'a: a idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, bashinsa nasa ne, ba na mai shi ba.

Wannan tsohuwar dabara ta sake kunno kai a Fabrairun 2017, lokacin da Majalisar Turai ta amince da rahoton Mady Delvaux. Rahoton ya nemi a duba yiwuwar ba mutum-mutumi masu sarrafa kansu matsayin "mutum na lantarki", domin su ɗauki alhakin ɓarnar da suka yi. A Oktoban shekarar Saudiyya ta ba mutum-mutumi Sophia shaidar zama 'yar ƙasa, abin da ya fi kama da talla.

Batun Turai ne mai nauyi. A 2018 masana fiye da 150 suka rubuta wasiƙar adawa, kuma a ganina da gaskiyarsu. Idan mota mai tuƙa kanta ta kaɗe yaro, wa iyayensa za su kai ƙara? Kamfani ko ba komai yana da kadarar da za a ƙwace. Na'ura ba ta da ko sisi, sai dai ta zama labulen da wanda ya ƙera ta zai fake.

Dokar ƙirƙirarriyar basira da Tarayyar Turai ta zartar a 2024 ba ta ba na'ura matsayin mutum ba. Ta ɗora nauyin a kan masu ƙera ta da masu aiki da ita.