Gyaran Majalisar Dattawan Ingila, 1909–2012

Idan muka dubi tarihin Majalisar Dattawan Ingila, za mu ga cewa rage mata iko ya fi sake zubinta sauƙi. A 1909 dattawan, waɗanda akasarinsu gadon kujerunsu suka yi, suka ƙi amincewa da kasafin kuɗin Lloyd George, saboda harajin da ya ɗora wa masu manyan filaye. Sau biyu aka yi zaɓe a 1910, kuma Firayim Minista Asquith ya sami alkawarin Sarki George na Biyar cewa zai naɗa sababbin dattawa har su rinjayi masu gardama. Ganin haka suka sallama. Dokar 1911 ta hana su riƙe dokar kuɗi fiye da wata guda, sauran dokoki kuwa shekara biyu. A 1949 aka rage wa'adin zuwa shekara guda.

Amma batun waɗanda za su zauna a cikinta ya daɗe yana jan ƙafa. Gabatarwar dokar 1911 ta yi alkawarin majalisar da za ta dogara ga jama'a maimakon gado. Sai a 1958 aka shigo da dattawan da kujerarsu ba ta gaduwa, har da mata. A 1999 aka rage 'yan gado zuwa 92, kana a 2012 aka jingine shirin zaɓen mafi yawan dattawan.

A ganinmu, dalilin a fili yake. Majalisar Wakilai ta san cewa dattawan da jama'a suka zaɓa za su nemi ikon da aka ƙwace a 1911.