'Yan Taru: Makarantar da Matan Ƙauye Suka Ɗauko a Ka

Wajejen 1840, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta dubi abin da yaƙe-yaƙen jihadi suka bari a ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato. Mata ne birjik, da yawansu a yaƙi aka kamo su, ba su san karatu ba, bori kuwa yana nan daram. Matar aure mai goyo ba ta da halin yin tafiyar kwanaki neman ilimi. Sai Asma'u ta nemi waɗanda ƙafarsu ke sake, wato dattijai mata da 'yan matan da ba su isa aure ba.

Su ne 'Yan Taru, ayari-ayari suke zuwa wurinta. Kowane ayari da shugabarsa, ana ce mata jaji, sunan da fatake ke kiran jagoransu. Asma'u da hannunta take ɗora wa jaji malfa, ta naɗa mata jan rawani. Malfar nan irin ta Innar Gobir ce, uwar 'yan bori. A ganina gwanintar ke nan: matan karkara sun saba girmama mai malfa, sai ta bar musu malfar, ta sauya abin da mai ita ke koyarwa.

A ƙasa suke zuwa, ɗauke da kaya a ka. Wannan ta ba da hatsi, waccan zuma, wata ɗan ƙyalle, har matar da kulle ya hana ta fita takan aiko da nata ta hannun jaji. Asma'u ba ta tara kayan a rumbu ba, rabar da su take yi ga makafi da guragu da sauran mabukata. Su kuma baƙin su zauna gabanta su haddace waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci kan tsarki da salla da tarihin Annabi, su koma gida su rera wa waɗanda suka aiko su. Daga nan aka samu masu wankan gawar mata, da masu sharar masallaci, da masu sasanta rigimar gida. Da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, har marsiyya Asma'u ta yi mata.

Asma'u ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon aikin, bayanta kuma wata mai suna Ta Modi. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ayarin bai tsaya ba. Jean Boyd, wadda ta wallafa tarihin Asma'u a 1989, ta tarar da jajoji suna zuwa har a zamaninta. Har a Pittsburgh ta Amurka an samu Musulmi baƙar fata da suka yi aiki da sunan 'Yan Taru.

Iyayenmu mata na zango, na Lome ko na Kumasi, ga ku da adashi kowane mako. A zubi na gaba, a yi koyi da 'Yan Taru, a ware kwasa ɗaya a biya wa wata marainiya kuɗin makaranta.