Kafin Allo, Kafin Littafi: Wa Ke Yi wa Jariran Birnin Kano Hira?

Duk wanda ya ɗauki tarihin ilmi a Kano zai ga daga wuri ɗaya ake farawa, wato ranar da aka kai yaro gaban malam aka wanke masa allo. Daga nan sai a shiga zancen malaman Madabo, da zuwan Shehu Maghili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da makarantar da Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909. Amma yaro ba ya zuwa makarantar allo sai ya kai shekara huɗu ko biyar, kuma da bakinsa yake zuwa. Ya iya gaisuwa, ya iya ƙorafi, ya san Gizo da Ƙoƙi, ya san bambancin ɓari da bari. Wani ne ya koya masa duk wannan, kuma littattafan tarihi ba su cika kula da ko wane ne ba.

Tambayar ta taso mana ne saboda a ƙasashe da dama laburare kan ware lokaci na musamman don jarirai da masu renonsu. Akan shimfiɗa abin zama, kowa ya ɗora jaririnsa a cinya, a yi waƙa, a yi tafi, a buɗe ɗan littafi mai hotuna, cikin minti 20 ko 30 a tashi. Duk mai son a yi irin wannan a cikin badala, ya kamata ya fara sanin yadda birnin ke yin nasa tun da, da kuma yadda aka yi littafi ya bar shi a baya.

Mu fara da tsakar gida. A gidajen cikin birni, daga Yakasai zuwa Kurawa zuwa gindin Dala, jariri ba na uwarsa kaɗai ba ne. Kwana 40 na farko mai jego tana fama da wankanta, tsofaffin gida ne ke juya jinjiri, su gasa masa cibiya, su yi masa wanka. Idan ɗan fari ne kuwa, kunya kan hana uwa ta yi masa wasa a bainar jama'a, ko ta kama sunansa. Sai aikin ya koma hannun kaka da goggo da abokiyar zama. Kaka tana da dama da ba kowa ke da ita ba, domin tsakaninta da jika akwai wasa. Namiji mijinta ne, mace kishiyarta ce, tana tsokanar su tun ba su san ana yi ba. Tana yi wa yaro kirarin sunansa, tana yi masa cakulkuli, tana riƙe hannayensa tana koya masa tata. In lokacin yaye ya yi, galibi ɗakinta ake kai shi. Sai kuma yayarsa, 'yar shekara bakwai ko takwas, wadda ake ɗaura mata shi da majanyi ta shiga lungu da shi, ya ji waƙoƙin gaɗa da cinikin talla daga bayanta.

Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta yi bayanin kunyar ɗan fari da riƙon 'ya'yan dangi dalla-dalla. A Kano ma, Enid Schildkrout ta zauna tana nazarin yaran Kurawa da Ƙofar Mazugal a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa yara su ne ƙafafun matan da ke kulle: su ke kai saƙo, su ke sayayya, su ke talla, su ke reno.

Da dare kuma, bayan an ci tuwo, sai tatsuniya. An ce mai yin ta da rana zai ɓata a kasuwa, don haka lokacinta sananne ne. Tana da kalmomin buɗewa da masu sauraro za su amsa, tana da 'yar waƙa a tsakiya da ake maimaitawa, tana da ƙurunƙus. Jaririn da ke cinya bai fahimci makircin Gizo ba, amma yana jin hawa da saukar murya, yana jin amshi, yana ganin baki yana motsi. Duk abin da masu tsara hirar jarirai a laburare ke koyarwa a yau, wato maimaici da waƙa da tafi da kallon fuska, yana cikin wannan zama.

To yaya aka yi da aka zo rubuta tatsuniya? A nan ne tarihin ya yi kwana. Cikin tatsuniyoyin Hausa na farko da aka buga da boko akwai waɗanda suka fito daga bakin wani yaro, Dorugu, ɗan yankin Damagaram, wanda Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. A Ingila wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön ya zauna da shi yana rubuta abin da ya tuna, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo ƙasar Hausa, kuma a Kano ya rasu a 1912. Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, sai aikin ya ƙaru. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Malamai maza ne suka rubuta masa da ajami, shi kuma ya mayar boko, kuma waɗanda aka yi wa littafin su ne jami'an mulkin mallaka masu koyon Hausa. A 1913 R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne su ma kowa ya fitar da nasa.

Abin lura a nan shi ne hannun da tatsuniyar ta bi. Tsohuwa ce ta faɗa wa yaro, yaron ya girma ya zama malam, malamin ya rubuta wa Bature, Baturen ya buga a ƙasarsu. A kowane zango wani abu ya zube. Labarin ya tsira, domin shi ne ke rubutuwa. Karin waƙar bai tsira ba, amshin bai tsira ba, haka nan sunan wadda ta faɗa. Waƙoƙin reno da wasannin cinya, da yake ba su da dogon labari, kuma a cikin gida ake yin su inda malam mai alƙalami ba ya zama, rabonsu a waɗannan littattafai bai taka kara ya karya ba.

Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, 'yan makaranta ta sa a gaba. Gasarta ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya, ɗan Kano, ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, kuma ya kusanci tsakar gida fiye da na gabansa tun da ya haɗa da wasanni. Duk da haka, mai karatun da aka nufa shi ne ɗan firamare mai iya haɗa baƙi. Wanda ke goye ba a yi lissafi da shi ba.

Laburaren ma haka. Kano tsohuwar ma'ajiyar littattafai ce, amma a sorayen malamai suke. Littattafan Malam Umaru Falke kaɗai, malami kuma ɗan kasuwa da ya rasu a 1962, sun haura 3,000, kuma yanzu suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Laburaren zamani kuwa ya faro ne daga ɗakunan karatu da hukumomin En'e suka buɗe lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don mutane su karanta labarin yaƙi a Gaskiya Ta Fi Kwabo, sannan aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna a 1952. Maza masu boko aka yi wa waɗannan wurare, daga baya ɗalibai masu shirin jarrabawa suka gaje su. Babban laburarenmu na Murtala Muhammed ma yana kan titin Ahmadu Bello ne, a wajen ganuwa. Dokar farko ta irin wannan ɗaki ita ce shiru, jariri kuwa bai san wannan doka ba.

Kada mai karatu ya ɗauka matan birni ba sa karatu. Tun daga ƙarshen shekarun 1980, littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino sun shiga ɗakunan mata ta hanyar haya da aro, yaro ne ake aika ya karɓo ya mayar. Littafi ya san hanyar shiga cikin gida. Laburare ne bai bi shi ba.

A ƙasashen da al'adar hirar laburare ta fito ma, jarirai sun daɗe a bakin ƙofa. Laburaren Carnegie da ke Pittsburgh a Amurka ya fara sa'ar labari a 1899, Anne Carroll Moore kuma ta karɓi sashen yara na laburaren New York a 1906, amma 'yan makaranta ake yi wa. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 20 aka sauko kan jarirai. A 1989 likitocin yara a Boston suka fara ba iyaye littafi a ɗakin duba lafiya, shirin da ake kira Reach Out and Read. A 1992 aka fara Bookstart a Birmingham ta Ingila da jarirai 300. Abin da ya ja hankalinsu shi ne binciken masana. A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka nuna cewa jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana iya bambanta sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya fara karkata ga harshen da ake yi masa. Ke nan bambancin da ke tsakanin k da ƙ, ko d da ɗ, a goye ake fara kama shi.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta, mun san amsar da ta fi saurin zuwa bakin 'yan zamaninmu: a zuba tatsuniyoyi a waya, a miƙa wa yaro. Akwai gwajin da ya shafi wannan kai tsaye. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington suka ɗauki jariran Amurka 'yan wata 9, aka yi musu zama 12 da masu magana da Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna gabansu ya yi musu wasa da karatu sun kama sautukan Sinanci. Waɗanda aka kunna wa bidiyo ko murya kaɗai ba su nuna sun kama ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin.

Akwai kuma wani abu da aikinmu ya sa muka sani. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na mutane da garin tuwo iri ɗaya ake rubuta su, haka baba mahaifi da baban rini na marinar Ƙofar Mata. Na'ura daga rubutu take koyon harshe, shi ya sa take tuntuɓe a irin waɗannan wurare. Yaro kuwa ba ya tuntuɓe, domin kunnensa ya riga ya ji daga bakin kakarsa. Abin da tarihin rubutu ya zubar a hanya, shi ne ainihin abin da jariri ke bukata.

Kuma zaman yana ƙara wuya. Iyalai suna fita daga gidajen gado zuwa sababbin unguwanni, kaka tana cikin gari, jika yana Sharaɗa ko Hotoro. Yayar da ke goyo tana makaranta da safe, tana Islamiyya da yamma, wannan kuwa ci gaba ne da ba mai son a koma baya. Lokacin tatsuniya, fim da waya sun raba shi. Amarya 'yar shekara 20 tana iya samun kanta ita kaɗai da jinjiri, ba ta riƙe waƙar reno ko ɗaya ba.

Don haka mai tsara hirar jarirai a cikin birni yana da darussa a wannan tarihi. Gayyata ta haɗa da kaka da goggo da 'yar reno, domin in aka ce uwa da ɗanta kaɗai, an bar rabin masu aikin a waje, kuma mai ɗan fari ba za ta saki jiki ta rera waƙa gaban surukarta ba. Jagorar zaman ta kasance tsohuwar unguwa da aka sani, ma'aikaciyar laburare ta kawo littafi da tabarma. Wurin ya zama inda mata suka riga suka saba zuwa: Islamiyyar matan aure, ko babban gida a unguwa, ko layin rigakafi a asibitoci irin su Hasiya Bayero, inda uwa ke daɗewa zaune da jariri a cinya. Hantsi ya fi dacewa, kafin a ɗora sanwar rana, kuma zaman ya zama gajere. Littafin ya zama mai kauri, mai manyan hotunan abin da yaro ke gani, akuya da buta da kwano. Akwai irinsu da Hausa kyauta a shirin African Storybook, ana iya bugawa a takarda.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) ta ga cewa matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo makaranta ba, sai ta naɗa jajis, dattawan mata, ta koya musu waƙoƙin ilmi su kai wa 'yan'uwansu har gida. Su ne 'Yan Taru. Ta dogara da tsofaffi, ta dogara da waƙa, ta kai karatu inda mata suke.

Aikin da ya rage mana, mu masu na'ura, shi ne wanda aka tsallake a 1911. Tsofaffin da suka riƙe waƙoƙin reno na Kurawa da Madabo da Yakasai suna nan da ransu, amma kullum raguwa suke yi. A je a nemi izininsu, a naɗi muryarsu da karinta da amshinta, a rubuta sunan kowace da unguwarta in ta yarda, a ajiye a laburare. Sautin kuma uwa za a ba, ta saurara ta haddace, sannan ta ajiye wayar ta ɗauki ɗanta ta rera masa da bakinta.